Wanda ya ƙi biya da wanda ya kasa biya: yadda jihar Bajiniya ta dakatar da lasisin direbobi kusan miliyan ɗaya

A ƙarshen shekarar 2016, direba ɗaya cikin kowane shida a jihar Bajiniya ta Amurka lasisinsa a dakace yake saboda kotu na bin sa kuɗi. Adadinsu ya kai mutum 977,000, kuma wajen kashi biyu cikin uku nasu ba su da wani laifi na daban da ya hana su tuƙi. Da a ce aljihunsu na da nauyi, da sun biya tarar sun ci gaba da harkarsu. Sashe na 46.2-395 na kundin dokokin jihar shi ne tushen abin. Ya ce duk wanda kotu ta ci tara ko ta ɗora masa kuɗin shari'a, bai biya cikin kwana 30 ba, kuma bai shiga tsarin biya kaɗan-kaɗan ba, to a dakatar da lasisinsa nan take. Dokar ba ta damu da ko laifin ya shafi mota ba. Wanda aka kama da ƙaramar sata a kanti, ko shiga wurin da aka hana, shi ma lasisin tuƙinsa ne zai tafi idan kuɗin kotu ya gagare shi.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi na iya cewa, to sai me, ya hau adaidaita ko kabu-kabu mana. A mafi yawan garuruwan Amurka babu wannan. An gina unguwanni nesa da wuraren aiki, an shimfiɗa tituna don motoci, bas ɗin haya kuwa in akwai shi, ba ya zuwa ko'ina kuma ba ya aiki kowane lokaci. Kafin shekarar 2020, wajen kashi uku cikin huɗu na ma'aikatan ƙasar su kaɗai suke tuƙa kansu zuwa aiki, masu hawa bas da jirgin ƙasa ba su wuce biyar cikin ɗari ba. A ƙauyukan kudanci da yammacin Bajiniya, asibiti ko masana'antar da mutum ke aiki na iya zama tafiyar rabin awa a mota, ba kuma wata hanyar zuwa. Ga ayyukan da lasisin kansa sharaɗi ne na ɗauka: kai kaya, gini, gyaran famfo da wutar lantarki, kula da tsofaffi a gidajensu. Karɓe lasisin irin wannan mutum don ya biya bashi daidai yake da ƙwace fartanyar manomi a ce sai ya kawo hatsi za a mayar masa.

Yadda tara ke kumbura

A ɗauki misali mai sauƙi da farashin da jihar ta ƙayyade a wancan lokaci. Ɗan sanda ya tsayar da direba yana gudu da mil 15 sama da ƙa'ida. Tarar gudu dala 6 ce kan kowane mil, wato dala 90. A kan wannan akwai kuɗin kotu na dala 51, jimla 141, ban da 'yan kuɗaɗen da ƙaramar hukuma ke ƙarawa. Mafi ƙarancin albashi a Bajiniya a lokacin dala 7.25 ne a awa, kuma a haka ya tsaya har 2021. Ke nan tarar ta cinye aikin kusan awa 20, rabin mako, kafin a cire haraji. Ga mai albashi mai kyau wannan kuɗin cin abincin dare ɗaya ne da iyali. Ga mai aikin awa-awa kuwa, zaɓi ne tsakanin kotu da kuɗin haya.

Idan kwana 30 suka cika ba a biya ba, babu alƙalin da ke sake duba fayil. Kwamfutar ofishin magatakardan kotu ce ke aika bayani zuwa hukumar kula da motoci ta jiha, wadda ake kira DMV, ita kuma ta rubuta dakatarwa a kan sunan mutum. Sanarwar da doka ta tanada ita ce takardar da ake miƙa masa ranar shari'a, ko wadda ake aikawa ta gidan waya zuwa adireshin da kotu ke da shi. Talaka kuwa shi ne mai yawan ƙaura: yau an tashe shi daga haya, gobe yana kwana gidan ɗan'uwa. Da yawa ba su san an dakatar da lasisinsu ba sai ranar da ɗan sanda ya sake tsayar da su ya duba kwamfutar motarsa.

Daga nan lissafin ke sauyawa. Bashin yana ɗaukar ruwa na kashi 6 cikin ɗari a shekara. Idan aka miƙa shi ga masu karɓar bashi, sai a ƙara kashi 17 cikin ɗari. Ko mutum ya biya kotu duka, hukumar DMV ba za ta mayar da lasisi ba sai ya biya ta dala 145 kuɗin maidowa, wanda a misalinmu ya fi ainihin tarar da kuɗin kotun a haɗe. Dala 141 ta koma sama da 300, fiye da dala 290 da mai ƙaramin albashi ke samu a cikakken mako na awa 40.

Har yanzu wannan ba shi ne ramin ba. Ramin yana cikin abin da mutum zai yi da safiyar Litinin. In ya ajiye mota, aiki ya tafi, kuɗin biyan kotu ma ya tafi. In ya tuƙa, ya aikata sabon laifi, kuma wannan karon ba ƙaramar tara ba ce. Tuƙi da lasisin da aka dakatar laifi ne mai hukuncin ɗaurin da zai iya kai wata 12 da tarar da za ta iya kai dala 2,500. Ana iya ƙara masa wata dakatarwar har ta kwana 90. A lokacin, wanda aka samu da laifin karo na uku cikin shekara 10, dole ne alƙali ya ɗaure shi aƙalla kwana 10, ko da ya tausaya masa. Idan kotu ta ba shi lauya saboda ba shi da halin ɗauka, kuma aka same shi da laifi, kuɗin lauyan ma, dala 120 a lokacin, a kansa ake rubutawa. Ƙungiyar shugabannin hukumomin motoci ta Amurka da Kanada ta daɗe tana cewa har kashi uku cikin huɗu na waɗanda aka dakatar suna ci gaba da tuƙi. Ba abin mamaki ba ne. Gaba kura, baya siyaki, mutum yakan zaɓi haɗarin da wataƙila ba zai faru yau ba a kan yunwar da tabbas za ta zo.

Ga waɗanda suka ajiye motar, akwai ƙididdiga daga jihar New Jersey, inda wani kwamiti ya fitar da rahoto a 2006 bayan tambayar direbobin da aka dakatar. Kashi 42 cikin ɗari sun rasa aikinsu. Cikin waɗannan, kashi 45 ba su sami wani ba. Waɗanda suka samu kuma, kashi 88 sun ce albashin bai kai na da ba.

Ƙofofin da aka ce a buɗe suke

Masu kare dokar suna nuna cewa akwai mafita: tsarin biya kaɗan-kaɗan, aikin al'umma a madadin kuɗi, da lasisi mai iyaka na zuwa aiki kawai. Duk ukun suna cikin doka. A aikace ne suke tsukewa.

Kafin 2017, kowace kotu ita ke tsara nata sharuɗɗan, kuma Bajiniya na da ƙananan kotuna fiye da ɗari. Wata na neman kafin alƙalami mai tsoka, a wasu wurare har rabin bashin, kafin ta yarda a fara biya wata-wata. Wata ta yanke mafi ƙarancin abin da za a kawo duk wata ba tare da ta tambayi nawa mutum ke samu ba. Wata kuma in ka saɓa sau ɗaya ba ta ba ka dama ta biyu. Wanda kotuna uku ke bi, kuma wannan ba baƙon abu ba ne ga mai tuƙi tsakanin ƙananan hukumomi, sai ya daidaita da kowace ɗaya daban, ya biya kafin alƙalami uku, ya riƙe wa'adi uku. Wata ɗaya ya kuskure a kotu ɗaya, dakatarwa ta dawo, dala 145 ma ta dawo. Don ya je kotunan ma yana buƙatar wanda zai kai shi, da rana, a lokacin aiki.

Lasisi mai iyaka kuwa, wanda ke ba da izinin tuƙi na wata shida, sai an kawo shaidar aiki a rubuce. Wanda dakatarwar ta riga ta raba da aikinsa, ko wanda ke nema, ba ya cikin lissafi. Aikin al'umma ya rage ga ra'ayin kotu, kuma ba kowa ake gaya wa akwai shi ba.

A 2017 Kotun Ƙolin jihar, sannan majalisar dokoki, suka sa ƙa'ida ɗaya ga kowa. Kafin alƙalami ba zai wuce kashi 10 cikin ɗari ba idan bashin bai haura dala 500 ba, in ya haura kuma kashi 5 ko dala 50, duk wanda ya fi yawa, sannan kotu ta duba halin mai biya. Gyara ne na gaske, amma bai taɓa zuciyar dokar ba. Wanda ba shi da ko dala 25 ta rara a wata, tsarin biya mai sauƙi ma saɓa shi zai yi, kwamfuta kuma ta yi aikinta kamar da.

Shari'ar

Ranar 6 ga Yuli, 2016, lauyoyin Legal Aid Justice Center, wata cibiyar taimakon marasa ƙarfi da ke garin Charlottesville, suka shigar da ƙara a kotun tarayya a kan kwamishinan DMV, Richard Holcomb. Shari'ar ta ɗauki sunan mai ƙara na farko, aka san ta da Stinnie da Holcomb. Ba su ce kada a ci tara ba, ba su kuma nemi a yafe bashi ba. Hujjarsu ta tsaya kan hukunci biyu na Kotun Ƙolin Amurka. A shari'ar Bell da Burson ta 1971, kotun ta ce da zarar an ba mutum lasisin tuƙi, yana iya zama abin da rayuwarsa ta dogara a kai, don haka ba a karɓe shi sai an sanar da shi an kuma saurare shi. A shari'ar Bearden da Jojiya ta 1983, ta ce ba a ɗaure mutum don ya kasa biyan tara sai alƙali ya bincika ko ƙin biya ya yi da gangan ko kuwa babu ce. Masu ƙarar suka ce dokar Bajiniya ba ta da gurbin wannan tambaya ko ɗaya. Sun kuma nuna cewa baƙaƙen fata, da suke wajen kashi ɗaya cikin biyar na mutanen jihar, su ke karɓar kusan rabin dakatarwar.

Lokacin ya taimaka musu. A watan Maris na 2015 ma'aikatar shari'a ta tarayya ta fitar da rahotonta kan garin Ferguson na jihar Mizuri, inda ta nuna yadda aka mai da kotu da 'yan sanda hanyar tara wa gari kuɗi. A Maris na 2016 ta aika wa kotunan jihohi wasiƙar gargaɗi kan tara da kuɗaɗen kotu, a Nuwamba kuma ta shigar da takardar goyon bayan masu ƙarar Bajiniya. (Wasiƙar nan, Jeff Sessions ya janye ta a Disamba 2017 yana ministan shari'a, aka sake fitar da irinta a 2023. Siyasar Washington ke nan.)

Duk da haka, a Maris 2017 alƙali Norman Moon ya kori ƙarar, kuma dalilinsa ya cancanci a tsaya a kai, domin ya tona yadda tsarin ya ɓoye mai alhaki. Ya ce ai kotunan jiha ne ke dakatar da lasisi, kwamishina rubutawa kawai yake yi, kuma ƙaramar kotun tarayya ba ta da hurumin warware hukuncin kotun jiha. To amma a kotun jihar ma babu alƙalin da ya zauna ya yanke dakatarwar. Doka ce ta ce a yi, magatakarda ya shigar da kwanan wata, kwamfuta ta aika. Mutum kusan miliyan ɗaya an hana su tuƙi, amma da aka zo neman wanda za a kai ƙara, kowa ya nuna na kusa da shi.

Kotun ɗaukaka ƙara ta shiyya ta huɗu ta mayar da batun ga Moon a Mayu 2018, lauyoyi suka gyara takardar ƙara, suka kawo shaida kan yadda bayanai ke tafiya tsakanin kotu da DMV. Wannan karon Moon ya gamsu cewa ba a iya dakatar da lasisi sai da hannun kwamishina. Ranar 21 ga Disamba, 2018, ya ba da umarnin wucin gadi: a cire dakatarwar daga kan masu ƙara, kada a karɓi dala 145 daga hannunsu, kada a sake amfani da sashen a kansu sai an saurare su. Ya ce da alama za su yi nasara, domin takardar da ake ba mutum ranar shari'a ba ta gaya masa yadda zai yi jayayya ba, kuma ko ya zo ya ce ba shi da shi, doka ba ta ba kowa ikon sauraronsa ba. Umarnin ya shafi mutum biyar ne kacal.

Kada a ɗauka duk kotuna haka suka gani. A Tenesi, alƙaliya Aleta Trauger ta rushe irin wannan doka a Yuli 2018, amma a 2019 kotun ɗaukaka ƙara ta shiyya ta shida, a shari'ar Fowler da Benson daga Mishigan, ta ce jiha na da halastaccen dalili na matsa wa mutane su biya, don haka dokar Mishigan ta ci gaba da aiki. Tsarin mulki ɗaya, amsa biyu.

Hujjar jiha, da inda kuɗin ke zuwa

Hujjar jihar ba shirme ba ce. Tarar da ba ta da haƙori ba tara ba ce, kuma akwai masu hali da ba za su biya ba sai an taɓa abin da suke ji da shi. Ga waɗannan, barazanar dakatarwa na aiki, kuma tana aiki da wuri, cikin kwana 30 ɗin farko ko jim kaɗan bayansu. Matsalar ita ce wanda ya shekara uku a dakace. Idan rashin lasisi, da haɗarin ɗauri kullum ya fita, ba su sa ya biya dala ɗari biyar ba, to mafi kusa da gaskiya shi ne ba shi da ita. A kansa dokar ba ta karɓo komai, sai ma kashewa: lokacin ɗan sandan da ya tsayar da shi, zaman kotu, lauyan gwamnati, gadon kurkuku na kwana 10. Jihar kuma tana da wasu hanyoyin da ba sa kashe aiki, kamar cire kuɗi daga albashi ko riƙe rarar harajin da za a mayar wa mutum, waɗanda dama sai mai samu suke kamawa.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa da ƙarfi ba. Kaso mai yawa na dala 145 ɗin nan yana shiga asusun cibiyoyin kula da waɗanda suka ji munanan raunuka a asibitocin jihar. Wato an jingina kasafin wani aiki mai kyau a kan ci gaba da dakatar da talakawa, duk mai son soke dokar kuma sai ya fara amsa tambayar ina za a samo madadin kuɗin.

A majalisa aka kashe dokar

Sanata Bill Stanley, ɗan jam'iyyar Rifablikan daga yankin karkara na kudancin jihar, shi ya riƙa kawo ƙudurin sokewa. A farkon 2019 ƙudurinsa ya wuce majalisar dattawan jiha da babban rinjaye, ya mutu a wani ƙaramin kwamiti na majalisar wakilai. Gwamna Ralph Northam, ɗan Dimokurat, sai ya bi ta kasafin kuɗi. Ya saka gyara da ya hana dakatarwar na shekara ɗaya, ya mayar da lasisin waɗanda abin ya shafa ba tare da kuɗin maidowa ba, ya kuma ware kuɗin cike gurbin asusun asibitoci. Majalisa ta amince a Afrilu, gyaran ya fara aiki 1 ga Yuli, 2019, ya shafi mutum fiye da 600,000. A 2020 aka soke sashen gaba ɗaya, aka kuma cire ɗaurin dole na kwana 10. Kalifoniya ta riga ta daina dakatarwa kan rashin biyan tara tun 2017, wasu jihohi da dama suka biyo baya, daga cikin 43 da cibiyar Charlottesville ta lissafa suna yi a rahotonta na waccan shekara.

Ranar 1 ga Yuli ba kowa ya koma kan titi ba. Wanda lasisinsa ya ƙare wa'adi a shekarun dakatarwa sai ya sabunta ya biya kuɗin sabuntawa, wanda ya daɗe sosai kuma sai ya sake jarrabawa. Wanda ke da wata dakatarwar ta daban tana nan. Babba cikinsu ita ce ta kuɗin ciyar da 'ya'ya bayan rabuwar aure, wadda dokar tarayya ta 1996 ta wajabta wa kowace jiha ta tanada, kuma a Bajiniya ana iya dakatar da wanda ya yi kwana 90 bai biya ba ko bashinsa ya kai dala 5,000. Matakin farko ga kowa shi ne ya karɓi takardar DMV mai jera duk abin da ke kan sunansa, domin mutane da yawa sun san dakatarwa ɗaya alhali uku ne. Bashin kotun kansa ba a yafe ko sisi ba. Hukunce-hukuncen tuƙi ba lasisi da mutum ya tara a waɗancan shekaru suna nan a tarihinsa, mai ɗaukar aiki na gani, kamfanin inshora ma na gani ya tsauwala farashi.

Da aka soke dokar, shari'ar ta zama ba ta da abin yankewa, aka rufe ta ba tare da hukuncin ƙarshe ba. Saura batun kuɗin lauyoyi. A Amurka kowa shi ke biyan lauyansa, amma wata doka ta 1976 ta ce wanda ya yi nasara a ƙarar kare haƙƙi a kan gwamnati, ana iya sa gwamnatin ta biya masa, kuma da wannan ne cibiyoyin da ke tsaya wa marasa ƙarfi ke iya ɗaukar shari'ar shekaru. A 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta ce masu ƙarar Bajiniya sun yi nasara. Jihar ta tafi Kotun Ƙoli, sunan shari'ar ya koma Lackey da Stinnie saboda an sami sabon kwamishina. Ranar 25 ga Fabrairu, 2025, alƙalai bakwai cikin tara, bisa rubutun babban alƙali John Roberts, suka ce umarnin wucin gadi hasashen nasara ne kawai, ba ita kanta ba, don haka jiha ba za ta biya ba. Ketanji Brown Jackson da Sonia Sotomayor suka ƙi amincewa, suna jan hankali cewa yanzu gwamnatin da ta ga za ta sha kaye na iya sauya doka ana gab da hukunci, ta bar lauyoyin talakawa da ɗawainiyar shekarun da suka yi.